Baƙon Shekara Talatin da Takwas

Tabarmar Pak Long na fara gani, tun kafin in gama wanke ƙafata a randar da ke gindin matakala. An naɗe ta an jingine a kusurwar baranda, da matashin kai a samanta, da bargon nan mai ratsin shuɗi. A gidajenmu baranda wurin baƙi maza ne. Nan mai sayen roba yake fakewa idan ruwan sama ya tsare shi, nan liman yake zama idan ya zo addu'a. Ban taɓa ganin an fito da matashin kai daga cikin ɗaka an ajiye a can ba.

Ranar Juma'a ce da la'asar. Na taso daga Kuala Lumpur saboda washegari za a yi addu'ar kwana ɗari da rasuwar Mak Long Halijah, yayar mahaifiyata. Mijinta, Pak Long Sahak, ya ɓullo ta bayan gida da adda a hannu. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa a kafaɗa.

"Au, 'yar birni ta iso. Zati, motar Seremban ba ta ɓata miki lokaci ba?"

"A'a, Pak Long."

Na sunkuya zan kama hannunsa in kai goshina, kamar yadda nake yi tun ina ƙarama. Sai ya janye hannun ya ɗora a ƙirjinsa.

"Duk danƙon roba ne," in ji shi. "Shiga ciki ki sha ruwa."

Na ga hannun. Babu komai a jikinsa.

A wajenmu gida da gona na mata ne. Uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa tata. Namiji idan ya yi aure gidan matarsa yake komawa, ya yi noma a gonarta, ya gyara rufinta, ya haifi 'ya'yan da za su zama na danginta. Idan matar ta riga shi mutuwa, bayan kwana ɗari danginsa su zo su tafi da shi. Haka aka yi wa mahaifina da mahaifiyata ta rasu, ina da shekara tara. 'Yan'uwansa suka zo daga Rembau, aka ci abinci, aka yi addu'a, ya shafa kaina ya bi su. Bai yi shekara ba ya auri wata, ya shiga gidanta. Ni kuwa aka haura da ni matakalar gidan Mak Long, da jakar makarantata.

Mak Long ɗa ɗaya ta haifa, namiji, Abang Mazlan. Saboda haka tun ranar da ta rufe ido, gidan nan da ke tsaye a kan ginshiƙai goma sha shida, da gonar duriyan da ke bayansa, itacen nan mai manyan 'ya'ya masu ƙaya, da filin roba har bakin rafi, duk sun zama nawa. Ni da ban taɓa dasa ko barkono ba.

Pak Long ne ya dasa komai. Shi ya koya mini karatun Alƙur'ani a kan tabarmar tsakar ɗaki. Da na yi ƙyanda, Mak Long tana kwance ita ma, shi ya kwana uku yana shafa mini ruwan ganye a baya. Bai iya kitso ba, amma ya iya ɗaure gashi da roba gida biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yara suna yi mini dariya a aji.

Ba ɗan nan ba ne. Daga Kedah ya zo, can arewa, cikin ma'aikatan da suka kafa turakun lantarki a ƙauyenmu. Ya ga Mak Long tana shanya shinkafa, ya ƙi komawa. Mutum ba ya aure a cikinmu sai yana da dangi a nan, don haka wata tsohuwa ta wani dangin, Wan Siah, ta karɓe shi a matsayin ɗa. Aka yanka akuya, ta ba shi loma a baki a gaban jama'a. Wan Siah ta rasu shekara ashirin ke nan. Gidanta ya rufta, ciyawa ta cinye wurin, jikokinta suna birni, ko sunansa ba su sani ba.

A jami'a, da zarar na ce daga Kuala Pilah nake, an samu abin yi, don kowa ya san al'adar jiharmu da ake kira Nogori.

"Kai, 'yar Nogori ce! Samari, kowa ya ɓoye makullin motarsa."

"Zati, da gaske ne a garinku miji haya yake yi?"

"An ce har a shayi kuna zuba barkono. Shi ya sa matanku ba sa jin magana."

Wani ɗan ajinmu ya ce ranar da zai taho karatu, uwarsa abu biyu ta hana shi, tseren babur da auren 'yar Nogori. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi murmushi, don ban iya mayar da magana ba. Sai dai a shekarar ƙarshe na rubuta takardar kammalawa a kan al'adarmu. Na nuna cewa a yankinmu babu matar da aka saka ko mijinta ya mutu ta rasa wurin kwana. Na samu sakamako mai kyau. Pak Long ya sa aka yi wa takardar bango mai kauri, ya ajiye ta a kan talabijin yana nuna wa baƙi. Shafi tamanin da huɗu ce. Babu inda na tambayi inda mazan suke zuwa.

Bayan magariba kawuna ya zo, Pak Ngah Derus, ƙanen Mak Long kuma yayan mahaifiyata. Shi ne bakin danginmu a kowane taro. Ya tarar da ni a ɗakin girki ina fere albasa, ya ja kujera ya zauna.

"Kin san abin da za a yi gobe bayan addu'a?"

"Na sani, Pak Ngah."

"Kin sani a takarda. Bari in gaya miki na ƙasa. Tok Bujai zai zo a madadin dangin Wan Siah, ya ce sun zo ɗaukar ɗansu. Ni zan ajiye akwatin sirih, na ganyen taunawar da ake miƙa wa baƙi, a gabanki, don ke ce mai gida. In kina so mutumin nan ya zauna, ki tashi da ƙafarki ki kai masa akwatin, ki ce da bakinki kin riƙe shi. In ba ki tashi ba, an gama."

"Zai zauna."

"Me kika ce? Ɗaga murya, ni tsoho ne."

"Na ce zai zauna, Pak Ngah. Ina zai je?"

Ya ɗauki ɓawon albasa yana murzawa.

"Ni ban ƙi ba. Sahak bai taɓa ɓata mini rai ba, ko da yake in yana magana sai ka ce faɗa yake, irin na mutanen arewa. Amma ki yi tunani. Da Halijah na raye, mijin yayar uwarki ne, ba ya aurenki. Yanzu Halijah ta tafi. Ki tambayi kowane malami, yau Sahak ba muharraminki ba ne. Ke budurwa, shi gwauro, gida ɗaya."

"Ai ba na zama a nan. Ina aiki a birni."

"Da salla fa? Da hutu fa? In zazzaɓi ya kama ki, ina za ki dawo?" Ya miƙe ya gyara zanensa. "Ni dai na faɗa miki. Duk abin da kika zaɓa, ki faɗe shi yadda na bayan ɗaki zai ji. Wannan muryar taki ta sauro ba za ta yi ba."

Da safe mata suka cika ɗakin girki. Ana kankare kwakwa, ana yanka ƙyafaffen nama, hayaƙin kurkur da barkono yana sa tari. Mak Cik Pesah, 'yar ƙanwar kakata, ita ce a kan turmi. Mace ce mai ƙiba da fara'a, kowa yana son zama kusa da ita a biki, kowa kuma yana tsoron ya juya mata baya.

"Zati, zo ki riƙe taɓarya, mu ga ko digirin ya bar miki ƙarfi a hannu."

Na karɓa na fara daka.

"Ku rage barkonon nan saboda Ɗan Kedah," in ji wata daga bakin murhu. "Shekara talatin da takwas, har yau in ya ci miyarmu sai ya yi hawaye kamar amarya."

"Ai ya kusa hutawa da barkononmu."

"Wa ya gaya miki? An ce sabuwar mai gida riƙe shi za ta yi."

Mak Cik Pesah ta goge hannu a zaninta, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"To ai an huta. Ga gida, ga gona, ga miji ya san hanyar ɗaki. Ba sai an sake yanka akuya an nema masa dangi ba. Liman yana nan yau, a haɗa gaba ɗaya, shinkafa ɗaya ta yi aiki biyu."

Ɗakin ya fashe da dariya. Wata har da buga cinya.

"Halal ne fa! Ku tambayi liman in kun ga ƙarya nake."

"Pesah, ki ji tsoron Allah," in ji wata tsohuwa da ke tsince shinkafa. "Shi ya raine ta."

"Ni me na ce? Wasa nake yi wa 'yata. Amma ba ni kaɗai ke da baki a ƙauyen nan ba, Kaka. Gara ta ji daga gida."

Na sunkuyar da kai ina daka. Daɓen ɗakin girkinmu na katako ne, da 'yar tazara tsakanin allunan don ruwa ya zube. Ta nan na hango farar hular Pak Long a ƙarƙashin gida, daidai inda ake tara itace. Hular ba ta motsi. Ta jima a haka, sannan ta matsa a hankali ta fita ta wajen rijiya.

Barkono ya fantsamo mini a ido. Ya zama mini dalilin fita.

A bakin famfo Abang Mazlan ya same ni. Da daddare ya iso daga Johor Bahru da matarsa da yara uku, idanunsa ja wur saboda tuƙi.

"Zati, ki taimake ni. Kin ga gidana ai. Ɗaki biyu, hawa na tara, ga surukata tana tare da mu. Da asuba nake tsallakawa Singapore, sai dare nake dawowa. In na kai Ayah, babana, can, taga zai zauna yana kallo har ya mutu. Mutumin da ko rana ɗaya bai taɓa wuni bai taɓa ƙasa ba."

"Na sani, Abang."

"Ni ba ni da bakin magana a nan, kin sani. A gidan aka haife ni, amma ko ƙusa ba ni da ita. Ke kaɗai ce."

"Zan yi."

"Za ki yi?"

"Zan yi, Abang."

Bayan azahar aka yi addu'a. Maza kusan arba'in a baranda, mata a tsakar ɗaki, an buɗe ƙofar da ke tsakani. Aka ci abinci, aka kwashe faranti. Sai Pak Ngah ya yafito ni, aka zaunar da ni a bakin ƙofa, inda maza da mata duk za su gan ni.

Pak Long yana can ƙarshen baranda, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tanƙwashe ƙafa, idonsa a kan tabarma. Kusa da shi Tok Bujai ne, tsoho tukuf da ba ya ji sosai, jikansa ya kawo shi ya koma. Tok Bujai ya yi gyaran murya ya yi maganar da aka saba yi. Ya ce shekara talatin da takwas da suka wuce sun ba da aron ɗansu ga wannan gida. Ya ce igiyar da ta ɗaure shi a nan Allah ya kwance ta. Sun zo su ji, a ba su abinsu ne, ko masu gida suna da sauran buƙata da shi. A tsakiyar maganar ya manta sunan, ya juya ya tambayi Pak Long, Pak Long ya gaya masa a kunne.

Pak Ngah ya ɗauko akwatin sirih na kakata, na tagulla, an goge shi da lemon tsami yana ƙyalli. Ya ajiye a gabana.

"Ga mai gida. Maganar tata ce."

Na ƙirga tazarar da ido. Taku bakwai ne, ko takwas. Sai in bi ta tsakanin gwiwoyin maza, in wuce gaban liman, in durƙusa a gaban Pak Long, in miƙa masa da hannu biyu. Na ɗora hannuna a kan murfin. Yana da sanyi.

A lokacin ne na tuna inda na saba ganin akwatin nan yana tafiya daga hannu zuwa hannu. Shi ake ɗauka idan za a je neman aure. Kowa a barandar nan ya san haka. A bayana wata ta yi wani ɗan sauti, ban san ko dariya ta danne ba ko tari ne. Wuyana ya ɗauki zafi har kunnuwa. Na ji kamar duk ɗakin ana kallon ƙirjina da ƙafafuna, ana jira a ga yadda zan yi tafiyar.

"Izzati," in ji Pak Ngah, da cikakken sunana. "Ana jiran ki."

Na ce wa ƙafafuna su tashi. Na shirya kalmomin tun a mota, guda biyar ne kacal. Na buɗe baki, iska ta fito.

Fanka tana juyawa. Wani yaro ya yi kuka a cikin ɗaka aka toshe masa baki da nono. Na ga Abang Mazlan yana jingine da ginshiƙi, yana gyaɗa mini kai, leɓensa yana cewa tashi, tashi.

"Izzati, karo na biyu. Kina da magana?"

Pak Long ya ɗago kai. Sau ɗaya ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da yake yi mini idan na tsaya a tsakiyar aya na kasa tuna ta gaba. A da, yakan faɗa mini harafin farko. Na sunkuyar da kai ina kallon zanen furen da ke jikin murfin tagulla. Fure takwas ne, ɗaya ya goge.

Pak Ngah bai kai ga tambaya ta uku ba. Pak Long ne ya yi magana, da muryar nan tasa mai ƙarfi wadda shekaru ba su sauya mata harshen arewa ba.

"Derus, kada a wahalar da yarinya. Ni ma dama ina da niyyar tafiya." Ya juya ya fuskanci jama'a. "Jama'ar wannan gida, shekara talatin da takwas na ci shinkafarku, na sha ruwanku. Ku halatta mini abin da na ci da abin da na sha. In na taka wani, ko na ɗaga wa wani murya, ku yafe mini. Mu mutanen Kedah haka bakinmu yake, ba faɗa ba ne."

Wasu suka yi 'yar dariya, suka yi saurin haɗiye ta. "Mun halatta, mun yafe," aka amsa daga ko'ina. Na ji muryar Mak Cik Pesah a ciki, da alama kuka take yi da gaske.

Tok Bujai ya kama hannun Pak Long ya ce ya karɓi ɗansu. Sannan ya tambaya, da ƙarfi irin na kurame, ko akwai wanda zai sauke shi a gida, don yana shan magani da la'asar. Pak Ngah ya sunkuya ya ɗauke akwatin daga gabana. Sai da ya ɗan ja, don hannuna yana kai.

Abang Mazlan bai yi mini magana ba sauran ranar. Na ji shi a waya yana tambayar wani ko yana da ƙaramar katifa mai naɗewa. Aka tsayar cewa ranar Litinin za su tafi da Pak Long Johor Bahru.

Lahadi da hantsi ina shanya tabarmi a kan igiya, Pak Long ya tsaya daga nesa.

"Zati, sa takalmi. Zo in nuna miki itatuwanki. Ki kira 'yar Mazlan ta raka mu."

Ƙaramar ta biyo mu, 'yar shekara shida, tana tsalle a gaba tana tsinkar furanni. Bai taɓa neman ɗan rakiya ba idan zai shiga gona da ni.

Ya bi da ni itace bayan itace. Wannan duriyan ɗin shekarar da aka haifi Mazlan aka dasa shi, 'ya'yansa ƙanana ne amma sun fi zaƙi, kada in yarda mai saye ya raina su. Wancan yana da tsutsa a gindi, a riƙa duba shi bayan ruwan sama. Na bakin rafi biyun kada a tsinke su, a bari su faɗo da kansu. Birai suna shigowa ta wajen gorar can, in an ga ɓawo a ƙasa da safe, su ne. Magudanar ruwa tana toshewa duk wata na goma sha ɗaya, in ba a fasa ta ba ruwa zai kwanta a saiwa. Yana magana yana dafa kowane itace da tafin hannu, kamar mai duba zazzaɓi.

"Ba ki rubutawa? Ke da kika saba rubutu."

"Zan tuna."

"Ba za ki tuna ba. Ki nemi Pak Ngah ya samo miki mutum. Kada ki ba wa ɗan Pesah, malalaci ne, rabin 'ya'yan a cikinsa za su ƙare."

Muka iso wani ƙaramin itace da bai kai kafaɗata ba, an kewaye shi da waya saboda awaki.

"Wannan bara na dasa, Halijah tana zaune a can tana yi mini tsiya, wai tsoho da dashen duriyan. Sai ya shekara shida kafin ya yi 'ya'ya. Yana son ruwa da rani."

"Pak Long."

"Na'am."

"Ka zauna." Muryar ta fito sarai, har ta ba ni mamaki. "Don Allah ka zauna. Gidanka ne. Ni ba zan riƙa zuwa ba, in na zo sai in sauka wajen Pak Ngah. Zan je in gaya masa yanzu, a sake tara mutane."

Ya tsuguna yana gyara wayar da ta karkace.

"Ba a tara mutane sau biyu a kan magana ɗaya, kin fi ni sani." Ya murɗa bakin wayar da yatsa. "Kuma kin san abin da za su ce? Za su ce a gaban jama'a ta yi shiru, sai da suka shiga gona ta kira shi. Wannan ya fi na jiya muni. Ke za ki yi aure wata rana. Ba zan bar miki wannan a jikin sunanki ba."

"Ban damu ba."

"Kin damu. Ba laifi ba ne."

Na tsaya hawaye yana zuba, na rasa inda zan sa hannuwana. A da, da ya ciro hankicinsa ya miƙo mini. Ya kai hannu aljihu, ya tsaya, ya fito da shi babu komai.

"Jiya da kika ɗora hannu a kan murfin," in ji shi, yana kallon itacen, "na ɗauka kin taso."

Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya kira yarinyar, ya ce ta bar furen nan akwai tururuwa. Muka dawo gida, shi a gaba, ita a tsakiya, ni a baya.

Da rana Abang Mazlan ya kwashi matarsa da yara suka tafi kasuwar Kuala Pilah sayen tsaraba. Gidan ya yi tsit. Ina ɗakin girki ina wanke manyan tukwanen da aka aro daga masallaci, sai na ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashin daɓe. Na leƙa ta taga.

Pak Long ne ya turo tsohon babur ɗinsa daga ƙarƙashin gida. Ya ɗaure ƙaramar jaka a baya da igiyar roba, ya rataya hular kwano a hannun babur ɗin. Bai tayar da shi ba. Ya tura shi ya wuce rijiya, ya wuce igiyar shanya, ya kauce wa kaza da 'ya'yanta. A bakin hanya ya tsaya ya buɗe ƙyauren gora, ya fitar da babur, ya dawo ya rufe, ya maƙala igiyar yadda awaki ba za su ture ba.

Tagar a buɗe take. Tsakanina da shi bai fi a yi kira ɗaya ba. Ruwa yana zuba daga famfo, tukunya ta cika tana ambaliya a kan ƙafata.

Ya ci gaba da turawa a kan jar ƙasa, kansa a sunkuye, har ya haye 'yar gadar katako. Bayan gadar hanya ta rabu biyu, ɗaya ta yi kudu wajen Johor, ɗaya ta yi arewa wajen Kedah, amma itatuwan roba sun tare wurin, ba a gani daga gida. Sai da ya ɓace a cikinsu na ji injin ya tashi, can ƙasa-ƙasa.